DABARUN 'YAN MAZAN JIYA NA CIN ZAƁE DA TAFIYAR DA MUHAWARA: NAZARI DAGA ƘASAR BIRNIN GWARI

1.0 GABATARWA

Tun daga shekarar 1951, sa'ad da aka fara zaɓe a Jihar Arewa, har zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen 1983, jam'iyyun da ake kira na 'yan mazan jiya su ne suka fi cin zaɓe a wannan sashe na ƙasa. Abin lura kuwa shi ne, abokan hamayyarsu ba su rasa gwanayen magana ba, ba su rasa mawaƙa ba, ba su kuma rasa hujja ba, domin talakan da suke yi wa yaƙi yana biyan haraji da jangali, yana kuma shan ukuba a hannun 'yan doka. To, yaya aka yi mai cewa a bar abu yadda aka gaje shi ya riƙa kayar da mai cewa a sake lale?

Manufar wannan maƙala ita ce ta fito da dabarun da suka kawo wannan nasara, musamman yadda aka tafiyar da batutuwan da ke raba kan jama'a, irin su ƙuri'ar mata da shari'a da haraji. An ɗauki ƙasar Birnin Gwari a matsayin madubi saboda dalilai biyu. Na farko, tana da cikakken tsarin sarauta irin wanda waɗannan dabaru suka dogara a kai. Na biyu, abin da ya auku a dajinta a shekarun baya-bayan nan ya nuna inda dabarun suke tsayawa.

2.0 SU WANE NE 'YAN MAZAN JIYA?

Bahaushe kan ce "mazan jiya" yana nufin jarumawan da suka shuɗe, ko dattawan da suka ga jiya suka ga yau. A bakin 'yan siyasa da 'yan jarida sai kalmar ta koma tana nufin masu son a riƙe tsarin da aka gada na mulki da zamantakewa, in ma za a canza shi, to a canza sannu a hankali, kuma ta hannun manya. Wasu kan kira su masu ra'ayin riƙau. Kishiyoyinsu su ne masu neman sauyi.

A tarihin Arewa, jam'iyyar da ta fara ɗaukar wannan tuta ita ce NPC, watau Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta faro a matsayin ƙungiyar al'adu, ta zama jam'iyyar siyasa a watan Oktoba na 1951, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello kuma ya zama shugabanta a 1954. Babbar abokiyar karawarta a ƙasar Hausa ita ce NEPU, wadda aka kafa a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta. A Jamhuriya ta Biyu, NPN ta gaji yawancin mutanen NPC, PRP kuma ta gaji na NEPU.

3.0 ƘASAR BIRNIN GWARI A TAƘAICE

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. Mazaunanta sun haɗa da Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, sana'arsu kuwa noma da kiwo da fatauci, ga kuma haƙar zinariya. Babbar hanyar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Tegina ta cikinta ta ratsa, haka ma wadda ta nufi Funtuwa.

A zamanin Turawa, Birnin Gwari tana cikin Lardin Zariya, amma ba ta ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Tana da En'e tata ta kanta, kamar yadda Kagoro da Jaba da Marwa suke. A 1936 aka keɓe wani yanki na dajinta ya zama gandun daji na En'e, wanda a 1999 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120. Wannan daji yana haɗe da na Kuyambana a Zamfara. Mai karatu ya riƙe wannan batu na daji, domin za mu komo gare shi.

4.0 DABARUN

4.1 Riƙe Tsani

Dabara ta farko ita ce mallakar tsanin da ya haɗa gwamnati da talaka. A ƙasa irin Birnin Gwari, umarni kan sauko daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. Ta wannan tsani ake ƙidayar masu biyan haraji, ta nan ake raba gona, ta nan ake sasanta rikicin manomi da makiyayi. Bugu da ƙari, 'yan doka da kotunan alƙalai da gidan yari duk a hannun En'e suke. Jam'iyyar da ma'aikatan En'e suka cika ta, ba ta bukatar gina reshe a kowane ƙauye, domin reshen yana nan tun kafin a haife ta.

Zaɓen 1951 ya nuna amfanin wannan tsani ƙarara. Zaɓe ne mai hawa-hawa: mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su zaɓi na gunduma, har a kai matakin lardi, inda aka ba En'e damar cusa nata mutane a cikin masu zaɓe. 'Yan NEPU sun taka rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da aka kai matakin ƙarshe babu ko ɗayansu da ya shiga Majalisar Wakilai ta Kaduna. Ko bayan da aka koma zaɓen kai tsaye, wanda zai yi lacca sai ya nemi izni daga En'e, wanda kuma ya yi kakkausar magana a kan hukuma yana iya samun kansa a gaban alƙali bisa laifin zagi ko taro ba izni. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri ta wannan hanya. A zaɓen tarayya na 1959, NPC ta sami kujeru 134 daga cikin 174 na Arewa, NEPU kuwa ta tashi da 8.

Kuskure ne a ɗauka tsoro kaɗai ya riƙe mutane a wannan tsani. Akwai ciniki a ciki, ko da ba a rubuta shi ba: talaka ya ba da biyayya da haraji, sarauta kuma ta ba shi tsaro da wurin kai kuka. Baƙo bai isa ya kwana a gari ba tare da mai unguwa ya sani ba, saniyar sata kuma ba ta saurin ɓacewa a kasuwa.

4.2 Mallakar Kalma

Dabara ta biyu ita ce ta fi shafar ɗalibin harshe. In muka jera taken jam'iyyun nan huɗu za mu ga abin sha'awa. NPC ta ce "Salama", NEPU ta ce "Sawaba". NPN ta ce "Aminci", PRP ta ce "Nasara".

"Salama" da "Aminci" duka ararrun kalmomi ne daga Larabci. Ta farko tushenta ɗaya da sallama da Musulunci, ta biyu kuma tushenta ɗaya da amana da imani. Duk wanda ya furta su, ya jawo wa kansa inuwar addini ba tare da ya ja aya ba. Haka kuma, kalmomi ne da ke nuna abin da mutum yake da shi a hannu, yake tsoron ya kuɓuce masa. "Sawaba" da "Nasara" kuwa suna nuna abin da babu shi tukuna, wanda sai an yi gwagwarmaya za a samu. Ashe ke nan, tun daga take an riga an shata filin muhawara: wannan yana kiran mutum ya tsare abin da ke hannunsa, wancan yana kiransa ya yi kasada. Manomin da ke da iyali da rumbu ɗaya, wanda ya san karin maganar nan ta zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane inda aka dosa.

Alamomin ma haka suke. NPC ta ɗauki fartanya, NPN ta ɗauki gida da masara, watau abubuwan da ke tsakar gidan kowa. Daga nan sai aka juya ga abokin hamayya aka raɗa masa suna. Mai ƙorafi a kan hakimi ya zama mai raina manya, mai neman sauyi ya zama mai ta da fitina, ƙawancen da NEPU ta ƙulla da NCNC kuma ya zama hujjar cewa 'yan koren mutanen Kudu ne. Da zarar an yi haka, maganar ta tashi daga kan ko harajin ya yi yawa, ta koma kan ko mai maganar yana da tarbiyya.

Wannan salo ba a Arewa kaɗai aka san shi ba. A Amurka, Shugaba Nixon ya yi jawabi a 1969 inda ya kira magoya bayansa mafi rinjayen jama'a masu shiru, ya bar masu zanga-zanga da sunan 'yan tsiraru masu hayaniya. A zaɓen 1972 ya ci jihohi 49 daga cikin 50.

4.3 Jinkirtawa, Sa'an Nan a Haɗiye

Dabara ta uku ta shafi batutuwan da ke raba kan jama'a. Abin da aka saba yi shi ne a ƙi abu muddin ƙinsa yana kawo ƙuri'a, in kuma ya zama babu makawa, sai a karɓe shi a aiwatar da shi da hannun kai, yadda ba zai rushe tsani ba. Misalai uku za su wadatar.

Na farko, ƙuri'ar mata. NEPU ta nemi a ba matan Arewa damar zaɓe, NPC ta ƙi, bisa hujjar cewa al'ada da halin zaman jama'a ba su kai nan ba. Saboda haka matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a 1959 ba, alhali 'yan'uwansu na Kudu sun jefa. Sai a zamanin soja, a 1976, aka buɗe musu ƙofa, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar. Magadan waɗanda suka ƙi abin a jiya ba su tsaya jayayya ba. Sun kafa rassan mata, sun nemi ƙuri'unsu, sun kuwa samu.

Na biyu, dokar laifuffuka. Gab da samun mulkin kai, ƙananan ƙabilu da Turawa sun nuna damuwa a kan yadda kotunan alƙalai ke hukunta laifuffuka. Gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, aka tsara sabon kundin hukunta laifuffuka, majalisa ta amince da shi a 1959, ya fara aiki a 1960. Da wata jam'iyya ce ta kawo wannan canji, da an ce ta yi wa addini karan tsaye. Amma da yake ya fito ta hannun jikan Shehu, bayan an zauna da sarakuna da manyan malamai, sai ya wuce ba tare da ƙasa ta girgiza ba.

Na uku, muhawarar shari'a a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978. Rigima ta kaure a kan kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a watan Afrilu na 1978, sai da Janar Obasanjo ya sa baki suka koma. Amma da aka buɗe fagen siyasa a watan Satumba na wannan shekara, NPN, wadda ta tattara da yawa daga cikin waɗannan wakilai, ba ta ɗauki batun ta kai dandalin kamfe na ƙasa ba. Abinci da gidaje ta sa a gaba. Batun ya riga ya gama aikinsa na haɗa kan gida. Ɗaukarsa zuwa Kudu hasara zai jawo. Dokta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi dogon sharhi a kan irin wannan amfani da addini a littafinsa na 1987.

A Ingila ma an ga irin haka. 'Yan mazan jiyan can sun kayar da ƙudurin faɗaɗa 'yancin zaɓe a 1866, sa'an nan a 1867, ƙarƙashin jagorancin Disraeli a majalisa, suka zartar da wanda ya fi shi faɗi.

4.4 Faɗaɗa Rumfa

Dabara ta huɗu ita ce raba muƙamai yadda kowane ɓangare zai ga nasa a ciki. NPC ta yi kirarin Arewa ɗaya, al'umma ɗaya, ta kuma jawo shugabannin da ba Hausawa ba da waɗanda ba Musulmi ba cikin gwamnati. NPN ta mayar da abin ƙa'ida: Alhaji Shehu Shagari daga Arewa ya zama ɗan takarar shugaban ƙasa, Dokta Alex Ekwueme daga Gabas mataimaki, Cif Adisa Akinloye daga Yamma shugaban jam'iyya. Rumfa mai faɗi takan rage kaifin muhawara, domin wanda ke cin tuwo da kai ba ya ɗaga murya sosai.

5.0 DARASIN JIHAR KADUNA, 1979 ZUWA 1983

Tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Birnin Gwari da kuma Katsina kafin a cire ta a 1987, ita ce inda aka gwada waɗannan dabaru gwaji mai tsanani. A 1979, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN a zaɓen gwamna, da taimakon magoya bayan sauran jam'iyyu. Amma a Majalisar Dokoki, NPN ce ta kwashe kujeru 64 daga cikin 99. Dalili kuwa a fili yake: kujerar majalisa ta ƙaramar mazaɓa ce, inda sanayya da tsani suke aiki, kujerar gwamna kuwa ta jiha ce baki ɗaya, inda 'yan hamayya za su iya tara ƙuri'unsu wuri guda.

Gwamna Balarabe ya soke haraji da jangali, kamar yadda takwaransa Abubakar Rimi ya yi a Kano. Wannan mataki ya taɓa tsani a gindinsa, domin karɓar haraji ita ce babbar igiyar da ta ɗaure talaka da dagaci. NPN ba ta tsaya kare haraji a bainar jama'a ba, don ta san babu ƙuri'a a nan. Sai ta koma inda take da ƙarfi. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoni, har gwamna ya yi mulkinsa ba tare da su ba, daga bisani ta tsige shi ran 23 ga Yuni, 1981. Shi ne gwamna na farko da aka tsige a tarihin Nijeriya. A halin nan PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, Malam Aminu Kano kuma ya rasu a watan Afrilu na 1983. Lawal Kaita ya ci zaɓen 1983, amma wata uku kacal ya yi a kan kujera soja suka kifar da gwamnati ran 31 ga Disamba. Wanda ya riƙe majalisa da haɗin kan jam'iyyarsa ya iya jure faɗuwa a babban zaɓe. Wanda ya dogara ga farin jini kaɗai bai iya ba.

6.0 INDA DABARUN SUKA TSAYA

An faɗa a baya cewa akwai ciniki tsakanin talaka da sarauta. Sai dai tun daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara zare wa sarauta kayan cika nata alkawari. Gwamnatocin soja sun karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mayar da sarakuna masu ba da shawara, Dokar Filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. 'Yan siyasa na kowace jam'iyya, har da masu kiran kansu 'yan ci gaba, sun ci gaba da zuwa fada neman albarka a lokacin zaɓe, amma ikon tsare gari ya riga ya bar fada, kuma hukumomin da suka karɓe shi ba su isa cikin daji ba.

A Birnin Gwari sakamakon ya bayyana. Satar shanu ta rikiɗe ta zama fashi da garkuwa da mutane, hanyar Kaduna ta zama abin tsoro. A watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka kashe mutane fiye da 40 a ƙauyen Gwaska, Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na II, kuma ya sha fitowa yana kai kukan jama'arsa ga hukuma. A 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a wasu yankuna, ta hana hawa babur, ta rufe wasu kasuwanni. A 2022 ƙungiyar ci gaban masarautar ta ba da sanarwar cewa 'yan Ansaru sun hana harkokin siyasa a wasu garuruwan gabashin ƙasar. Manoma da dama kuma sai da suka biya 'yan bindiga kuɗi kafin su shiga gonakinsu. Harajin da aka yi shekaru talatin ana gwagwarmaya a kansa kafin a soke shi a 1979, ga shi ya fito daga daji, ba rasit, ba wurin ɗaukaka ƙara.

A wannan tsakani, muhawarar da ta fi ɗaukar hankali a siyasar jihar ta addini ce. Rikicin shari'a na watan Fabrairu da Mayu na 2000 ya ci rayuka masu yawa a garin Kaduna, sai a 2001 gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta kwantar da shi ta hanyar tsara kotunan shari'a da na gargajiya, kowa da inda ya dace da shi, watau tsohuwar dabarar faɗaɗa rumfa. A 2019 Malam Nasiru El-Rufa'i ya bi wata hanya dabam, ya ɗauki Dokta Hadiza Balarabe, Musulma daga kudancin jihar, a matsayin mataimakiya, ya kuwa ci zaɓe. A 2023 Sanata Uba Sani ya ci da ƙuri'u 730,002, Isa Ashiru yana biye da 719,196, watau tazarar 10,806 kacal. A watan Nuwamba na 2024 gwamnatinsa ta yi sulhu da wasu 'yan bindiga, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta yi shekaru a rufe. Masu goyon baya sun ce rai ya fi komai, masu suka kuma sun ce an saka wa mai laifi da alheri. Ko wanne mutum ya bi, abu ɗaya ya tabbata: kalmar da ta ci zaɓe a 1959 da 1979, watau zaman lafiya, ita ce aka koma nema, amma a wannan karo da masu riƙe da daji aka zauna.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa nasarar 'yan mazan jiya a Arewa ta tsaya a kan riƙe tsanin sarauta, da mallakar kalmomi masu daɗin ji, da jinkirta sauyi har sai an iya haɗiye shi, da kuma faɗaɗa rumfa. Dukkansu kuwa sun jingina ne ga alkawari guda, cewa wanda ya bi zai kwana lafiya. Kalma irin "Salama" tana cin ƙuri'a ne a wurin mutumin da ke da salamar da zai tsare. Wanda aka kora daga Gwaska, ko wanda ya sayar da masararsa ya fanshi ɗansa, ya koma sahun masu neman sawaba ko da bai taɓa jin sunan NEPU ba, kuma batun wane ne mataimakin gwamna ba zai buɗe masa hanyar gona ba.

Akwai aiki a nan ga ɗaliban wannan sashe. Gasar raɗa suna ba ta ƙare ba. Mutum ɗaya ana kiransa ɓarawon daji, ana kiransa ɗan bindiga, ana kiransa ɗan ta'adda, in an zauna da shi kuma a kira shi tubabbe. Kowace kalma tana ɗauke da hukuncinta, tana kuma nuna matakin da mai furta ta yake so a ɗauka. Ya kamata a tattara waɗannan kalmomi daga rediyo da jawaban kamfe da bakin mutanen Kuyallo da Dogon Dawa da Randagi, a duba wanda ya fara furta kowace, da lokacin da ya furta ta, da abin da ya biyo baya. Allah Ya ba ƙasarmu lafiya, amin.